Fatun da Na Shanya a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Tudun Wada tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har surukina ya aiko a ce in zo in ba shi labarin teku. Na kuma lura duk wanda na ba labarin, in ya kai gaba sai ya ƙara nasa. Jiya na ji ana cewa wai na yi iyo a cikin teku, ni da ko gulbin Rima ban taɓa shiga ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya yadda abin ya faru, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Sunana Umaru, sana'ata fata. Da keke na fara, ina bin mahauta ina sayen fatar akuya ɗaya biyu, har Allah ya sa na yi sito nawa da mutum huɗu da ke aiki a ƙarƙashina. Shekara da shekaru kamfani ɗaya nake kai wa kaya a Kano. Bara suka rufe. Fata ta taru a sito babu mai ɗauka, mahauta suka fara kai tasu wani wuri. Na riga na gaya wa Malam Shehu, wanda ya fi kowa daɗewa tare da ni, cewa in aka yi Babbar Sallah ba mu sami babban mai saye ba, kowa ya nemi abin yi. Ya ci gaba da kakkaɓe fata.

Ana cikin haka wani abokina mai kai albasa Kwatano ya ce akwai kamfanin da ke fitar da fata ta jirgin ruwa, suna neman wakili a arewa wanda zai riƙa saya musu yana tantancewa. Ya ba su lambata, suka kira suka ce in zo intabiyu ranar Juma'a. Ina da shekara arba'in da takwas, ba a taɓa zaunar da ni an yi mini tambaya don a ba ni aiki ba. Amma ban ji tsoro ba. Takardar makaranta ce ba ni da ita, fata kuwa ko ido rufe na taɓa zan gaya maka ko akuyar ta yi ƙazwa.

Na zaɓi fata goma sha biyu ta jar akuya, shanyar inuwa, babu yankan wuƙa ko ɗaya. Sun bushe ƙayau, in ka buga su suna ƙara kamar kwali. Na naɗe su a leda, na cusa a jakar bakko, na karɓi takardar likitan dabbobi, na kama hanya ranar Talata da safe, a tsakiyar bazara.

Daga Sakkwato zuwa Birnin Kabi zuwa Kamba ba labari, duk gida ne. Labari ya fara a Dole Kaina, inda aka ce sai an shiga jirgin ruwa a haye kogin Kwara zuwa Lolo. Na tsaya ina kallon jirgin. An loda masa buhunan shinkafa, babura biyu, da wata saniya da aka ɗaure ƙafafunta. Mai jirgin, wani Bazabarme mai tsage, ya dube ni ya dubi takalmina ya ce, "Alhaji, Basakkwace ne?"

Na ce, "Ya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Ku ne ke fara salati tun kuna tudu."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, amma salatin ban bari ba sai da muka taka ƙasa.

A kan iyaka wajen Madikali jami'in ya buɗe jakata, ƙanshin fata ya buge shi, ya ja da baya yana faɗin wani abu da Faransanci. Na miƙa masa takardar likita. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya kira wani abokin aikinsa mai jin Hausa. Wannan ya zaro fata ɗaya ya shafa gashinta, ya ce kakansa majemi ne a Kandi, rabonsa da ganin ja irin wannan tun yana yaro. Muka tsaya hirar bagaruwa da jima har direban motar da zan shiga ya gaji da danna oda. Suka buga hatimi, suka ce in sauka lafiya.

Na kwana a Malanbil wajen masu albasa, da safe na shiga doguwar bas mai zuwa kudu. Wannan hanya ta kai yini cur. Abin da ya fara ba ni mamaki man fetur ne a manyan kwalabe, jere a bakin titi kamar zuma, mata na sayarwa. A Faraku aka tsaya cin abinci. Aka kawo mini sakwara da miyar gyaɗa, da wani abu ja-ja yankakke a ciki da na ɗauka nama ne. Na ciza na ji laushi. Maƙwabcina a mota, wani malamin makaranta mai ɗan jin Hausa, ya ce wagashi ne, cukun Fulani da ake soyawa. Na ce Fulaninmu na Sakkwato sun ɓoye mana wannan. Na ƙara faranti.

Daga Faraku zuwa kudu ƙasa ta fara yin kore, sama ta yi nauyi. Zafin can ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona ka ya bar ka a bushe. Nasu kamar an jiƙa bargo da ruwan ɗumi an lulluɓe ka.

A Kwatano na sauka a Zango, gidan Alhaji Maidamma, wani dattijo mutumin Gwadabawa mai sayar da motoci, wanda ya shekara talatin a can. Ina zama matarsa ta aiko da ruwa a kofi. Kafin Alhajin ya miƙo mini sai da ya kurɓa.

Ya ga na dube shi, ya ce, "Al'adar mutanen wanga gari ta. Mai gida shi ka fara sha, baƙo shi san ba a sa mai komi ba. Mun zauna da su har mun ɗauka."

Na ce, "Mu gida in ka sha ruwan baƙo ai sai a ce rowa."

Ya ce, "To nan ba gida na ba, Umaru. Sha."

Ya ba ni ɗaki a bene mai baranda. Ina shiga na yi abin da kowane mai fata zai yi a Sakkwato in kaya sun kwana biyu a ƙunshe: na kwance jaka, na ɗaura igiya a baranda inda rana ba ta bugu, na rataye fatun su sha iska. Iska kuwa ga ta nan, mai sanyi, tana busowa daga wajen teku ba tsayawa. Har na ce a raina, da muna da irin wannan inuwa da iska a gida ai da mun huta. Igiyar ba ta da tsawo, tara ta ɗauka. Sauran ukun na bar su a ledarsu cikin jaka.

Ranar Juma'a na shirya, na sa farar shadda, sai ga waya: mai kamfani ya tafi Lome, intabiyu sai Laraba. Na ce ba komai. Kwana biyar a garin da ban sani ba, kuma mai masauki ba ya korata.

Na yi yawo sosai. 'Yan acaɓarsu rigar ɗorawa suke sawa, zem ake ce musu, sun fi ƙudan zuma yawa. Mata kuwa da kansu suke tuƙa babur, da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai juyowa ya kalle su sai ni. Ranar farko na je wani ofis neman layin waya da ƙarfe ɗaya, na tarar an rufe. Na tambaya ko rasuwa aka yi. Aka ce a'a, hutun rana ne, sai ƙarfe uku. Na shiga babbar kasuwarsu ta bakin ruwa na ɓata sau biyu, duk sau biyun Hausawa masu goro ne suka nuna mini hanya. Na ga layin da ake sayar da busassun kawunan dabbobi da ƙwarangwal na tsuntsaye don masu bautar gargajiya. Na tsaya na duba wata fatar damo da aka rataye, na ga fiɗar ba ta yi kyau ba, na wuce.

Ranar Lahadi Alhaji Maidamma ya kai ni bakin teku. Duk wanda ya tambaye ni yaya teku take, amsata ɗaya ce: ba ta zama. Na ɗauka zan ga ruwa shimfiɗe kamar dam ɗin Goronyo, sai na ga abu yana tasowa yana faɗuwa da ruri kamar tirela goma sun taho tare. Masunta wajen talatin suna jan igiyar taru ɗaya daga tudu, suna waƙa, suna ja da baya taki ɗaya taki ɗaya. Alhaji ya ce duk wanda ya kama igiya ya ja, ko baƙo ne, yana da rabon kifi in taru ya fito. Na naɗe hannun riga na kama. Ban yi minti biyar ba wani ruwa ya taso ta baya ya buge ƙafafuna, na zauna daɓas a yashi, ya koma da takalmina ɗaya. Masuntan suka yi ta dariya ba su saki igiya ba. Da taru ya fito wata mata mai ƙiba, wadda ita ce ke raba kifin, ta jefo mini guda biyu a gaba, ta nuna ƙafata mara takalmi ta ƙara ɗaya. Aka gasa mana su da yaji da wani farin tuwo mai tsami da ake naɗewa a ganye. Na koma Zango da silifas na roba.

Washegari muka bi hanyar bakin teku wajen yamma, tsakanin itatuwan kwakwa, har wani ƙauyen da mata ke dafa gishiri daga ƙasar fadama. Na sha ruwan kwakwa, na sayi gishirin tsaraba. A duk kwanakin nan na lura da abubuwa ban haɗa su ba. Rigar da na wanke ranar Asabar har Litinin da danshi. Hulata in na ɗauka da safe sai in ji ta yi sanyi. Kowace ƙofar ƙarfe a garin ta yi tsatsa, har ta sabon gida. Ina ganin fatuna a baranda daga nesa suna lilo, ina jin daɗi.

Ranar Talata da hantsi na je sauke su in shirya. Hannuna na taɓa ta farko na san an yi ɓarna. Fatar da ke ƙara kamar kwali ta yi laushi kamar tsumma. Na juya cikinta, ga funfuna fari da kore, tabo tabo, ga wani wari na ɗaki rufaffe. Duk tara haka. Na buɗe jaka da sauri, ukun da ke leda suna nan ƙayau yadda na baro gida da su.

Alhaji Maidamma ya hau benen ya same ni zaune a ƙasa. Ya duba ya ce, "Subhanallahi. Hunhuna ta?"

Na ce, "Alhaji, kana gani na rataye su ba ka ce komi ba?"

Ya ce, "To mi zan ce? Ni mota nika saidawa. Na ga mai sana'a na aikinai, na aza wata dabara ta. Nan ko kilishi ka aje kwana ukku sai shi yi gemu."

Ya kawo shawara iri iri. A goge da buroshi a shanya a rana. Ko a je mahautar garin a sayo wasu. Ko in kai ukun kawai in ce su ke nan na zo da su. Na yi tunani. Gogewa tana ɓoye wa ido, ba ta ɓoye wa hancin mai fata. Akuyar kudu kuwa ko makaho ya san ba jar Sakkwato ba ce. Ukun za su iya wucewa, amma na riga na gaya musu a waya sha biyu zan kawo, kuma mutumin da ya fara da ƙarya a ranar farko sai ya yi ta ciyar da ita. Na naɗe taran daban, ukun daban.

Ranar Laraba na tafi kamfanin, yana bayan tashar jiragen ruwa, kusa da wani tafki. Mu huɗu ne muka zo. Biyu samari ne da kwat da jakar takardu, ɗaya kuma wani Bayarabe daga Legas mai waya biyu. Ni aka kira ƙarshe. Na shiga ina shirin karya Turanci, sai wani tsoho fari mai tumbi ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Umaru, ya hanya?" da Kananci tsantsa. Shi ne mai kamfanin, Nabil, ɗan Labanan haifaffen Kano.

Na ce, "Lahiya lau."

Ya yi dariya ya ce, "Lahiya! Na yi kewar wannan baki. Ina kayan?"

Na shimfiɗa ukun, ya shafa, ya ɗaga wa haske, ya lanƙwasa wuya, ya gyaɗa kai. Sannan na kwance taran. Warin ya cika ofis. Fuskarsa ta canja.

Na ce, "Garke ɗaya, mahauci ɗaya, rana ɗaya aka shanya su. Waɗannan na bar su a leda. Waɗannan na rataye su a baranda kwana shida su sha iska, yadda muke yi a gida. Kuskurena ne, ban san iskarku ruwa ce ba."

Ya dubi fatun, ya dube ni. Ya ce, "Ka zo neman aikin fata ka ruɓar da fata, kuma ka kawo mini in gani?"

Na ce, "In na ɓoye, hancinka zai gaya maka."

Ya tashi ya ce in biyo shi sito. Aka zube mini fata wajen talatin a ƙasa, ya ce in ware. Wannan kam aikina ne. Na durƙusa ina jefawa: lamba ɗaya, lamba biyu, wannan tabon kaska, wannan wuƙa ta ci ta a ciki, wannan ta tunkiya ce an aske ta. Ban ɗauki lokaci ba. Ya ce duk cikin waɗanda suka zo ni kaɗai na gane ta tunkiyar.

Sannan ya nuna mini wani tari a kusurwa, duk funfuna. Ya ce, "Ka ga abin da ya sa nake neman sabon wakili. Wani Alhaji Isuhu na Maraɗi ne ke saya mini. Mota uku a jere yana aiko mini da ɗanyar fata yana cewa busasshiya ce. Na kira shi maha'inci a gaban yaransa, na sallame shi."

Na ɗaga kai na dubi siton. Sabon gini ne. Manyan tagogi a buɗe ta wajen tafki, iska na shigowa. Fatun a jibge kan siminti, babu katako a ƙasa, babu rufi. Na tambaye shi tun yaushe suka dawo nan. Ya ce bara, da can sitonsu yana Faraku, sai ranar lodi ake kawo kaya bakin ruwa.

Nan na tsaya. Ba zan ɓoye muku ba, na ga abin sarai, kuma na ga abin da faɗarsa za ta jawo. In Alhaji Isuhu bai yi laifi ba, to babu gurbin da na zo nema. Na tuna mutum huɗu da ke jirana. Amma na kuma lissafa ta ɗaya gefen: in na yi shiru aka ba ni aikin, fatata ma nan za a jibge ta, wata uku ni ne maha'inci.

Na zaro ɗaya daga tsakiyar tarin na nuna masa. Na ce, "Dubi nan. Fatar da aka naɗe ɗanya daga ciki take ruɓewa, gashi ya zube. Wannan gashinta daram, funfunar a sama take. Busasshiya ta iso nan. Mutumin Maraɗi bai cuce ka ba. Abin da na yi a baranda shi kake yi a nan, naka dai ya fi girma."

Nabil ya ja gashin fatar da yatsa, bai fita ba. Ya ja na wata. Ya dubi tagogin. Wuyansa ya yi ja.

Ya ce, "Shekara arba'in ina fata."

Na ce, "A Kano. Ni ma ashirin da biyar, a Sakkwato."

Ya ce in tafi, zai kira.

Alhaji Maidamma da ya ji yadda aka yi ya riƙe baki. Ya ce, "Kai Umaru! An aza ma tuwo gaba, ka ce a kai ma maƙwabci?" Na ce ai ban ga tuwon ba tukuna. Washegari na kamo hanyar gida da gishirina da silifas. Dawowa ba ta da labari, sai dai a Lolo na shiga jirgi ba wanda ya yi mini dariya.

Kwana takwas ba waya. Kullum in na shiga sito, Malam Shehu ya dube ni in kau da kai. A rana ta tara Nabil ya kira. Ya ce ya toshe tagogi, ya sa katako, ya sayo injin tsotse danshi. Ya ce ya mai da Alhaji Isuhu kan Maraɗi da Damagaram. Sakkwato da Kabi kuwa, jar akuya zalla, nawa ne, in fara da mota ɗaya a gani, kuma kowane ɗauri a leda. Ba duka abin da na je nema ba ne, amma ya isa sito ya zauna a buɗe. Na gaya wa Malam Shehu ya je mahauta ya ce Umaru na saye. Ya ajiye sandar kakkaɓa ya fita ko hula bai ɗauka ba.

Bayan La'asar wata baƙuwar lamba ta Nijar ta shigo. Murya ce ta dattijo.

Ya ce, "Kai ne Umaru na Sakkwato?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Isuhu ne, daga Maraɗi. Wata huɗu ban shiga kasuwar fata ba don kunya. Yau Nabil ya kira ni, na sa shi a sifika gaban yarana, ya ce shi ne ya yi kuskure." Ya ƙara da cewa, "Ba ka san ni ba. Mi ya sa?"

Na ce, "Alhaji, fatarka busasshiya ce. Abin da na gani ke nan."

Ya ce, "To. Ran Juma'a ina nan tahe Sakkwato. Ka ce a dama fura."